Zuma da man habbatus sauda don olsa da ƙurajen fuska: wa ya gwada?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. Na daɗe ina fama da ciwo a ƙahon zuciyata, zafi yake yi yana ci, musamman da tsakar dare ko in na jima ban sa komai a cikina ba. A kemis ɗin unguwarmu an ce olsa ce. Farin maganin nan na ruwa nake sha, ya lafa, bayan 'yan kwanaki ya dawo. Yanzu kuma ga ƙuraje sun feso min a kumatu da goshi, ko biki ba na son zuwa.

Maƙwabciyata ta ce in haɗa zuma da man habbatus sauda, in riƙa shan cokali ɗaya kafin karin kumallo, da daddare kuma in shafa a fuska in kwana da shi. Ta ce ƙurajen daga ciki suke fitowa, in cikin ya gyaru fatar ma za ta gyaru. Akwai wanda ya gwada? Nawa ake zubawa na kowanne, kuma har yaushe ake sha?

Hajiya_Turai:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yata, Allah ya ba ki lafiya. Ni shekara da shekaru ke nan ba a raba ni da wannan haɗin. Babban cokali ɗaya na zuma, rabin ƙaramin cokali na man, a rabin kofi na ruwan ɗumi. Ɗumi kawai, wanda za ki iya tsoma yatsa, ba tafasasshe ba. Kumburin ciki da yawan gyatsar da nake yi in na ci wake ko alala sun ragu sosai. Amma kada ki fara da cokali cike na man. Yana da yaji, zai ƙona miki maƙogwaro, ki yini kina jin sa a gyatsa.

Abu_Huzaifa:
Maman Ilham, abu biyun da aka ce ki haɗa duk suna da asali. Zuma Allah da kansa ya ambace ta a Suratun Nahli, aya ta 69, ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane. Habbatus sauda kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce a cikinta akwai waraka daga kowace cuta in ban da mutuwa. Game da ciwon ciki ma ga hadisin Abu Sa'idil Khudri: wani mutum ya zo ya ce cikin ɗan'uwansa ya ɓaci, Annabi (SAW) ya ce a ba shi zuma. Ya je ya dawo ya ce ba abin da ta ƙara masa sai gudawa, aka ce ya ƙara ba shi, yana zuwa yana dawowa, har Annabi (SAW) ya ce Allah ya yi gaskiya, cikin ɗan'uwanka ne ya yi ƙarya. Ya sake ba shi, ya warke. Ki sha da yaƙini, in sha Allahu za ki ga biyan buƙata.

Sista_Rabi:
Sannu Maman Ilham. Ni ma'aikaciyar jinya ce, kuma kafin a zo maganar cokali nawa ina so ki amsa min wasu tambayoyi. Bayan gidanki yana fita baƙi ƙirin, mai danƙo da wari fiye da na kullum? Kin taɓa amai da jini, ko amai mai baƙi-baƙi? Kina ramewa ba dalili, ko abinci yana tsaya miki in kin haɗiya? Kina shan maganin ciwon jiki akai-akai? Sannan wane mai kike shafawa a fuska kafin ƙurajen su fito?

Maman_Ilham:
Sista, babu baƙin bayan gida, babu amai da jini, alhamdu lillahi, kuma ban rame ba. Maganin ciwon jiki kam ina sha, diclofenac, saboda ciwon bayan da na samu tun haihuwar Ilham. Kusan kullum da daddare. Mai kuma, lokacin bikin ƙanwar maigidana an haɗa mana wani a roba, ba suna a jikinsa, mai gyaran jikin ce take haɗawa da kanta. Fuskata ta yi haske ta yi sumul. Da ya ƙare na bari, ba a jima ba sai ga ƙurajen, da ja da ƙaiƙayi.

Sista_Rabi:
To ai kin kawo mu inda maganar take. Olsa manyan dalilanta biyu ne. Ɗaya wata ƙwayar cuta ce da ake kira H. pylori, tana zama a bangon tumbi, kuma tana da yawa ƙwarai a ƙasashenmu, da yawanmu tun muna yara muka ɗauke ta. Na biyu su ne irin magungunan da kike sha: diclofenac, ibuprofen, piroxicam, asfirin. Suna rage majinar da take kare bangon tumbi daga ruwan tsamin da yake narka abinci. Kuma kin ce da daddare kike sha, wataƙila ma cikin ba abinci. In kika sha zuma da safe kika sha diclofenac da daddare, abin da kike gyarawa shi kike sake ɓatawa. Ki je asibiti a duba bayan, a canja miki magani. Farasitamol ba ya cin tumbi irin yadda waɗannan suke yi.

Ƙwayar cutar kuma ana gwada ta ne ta bayan gida ko ta numfashi. Gwajin jini ba ya bambance wadda take nan da wadda ta riga ta tafi. In kina shan omeprazole, maganin nan na rage ruwan tsamin tumbi, ki faɗa musu, don ana so a dakatar da shi mako biyu kafin gwajin, in ba haka ba sai ya nuna babu alhali akwai.

Fuskar kuma ban ga alamar daga ciki take ba. Mayukan haɗin nan da yawansu akwai steroid a ciki, irin su clobetasol da betamethasone, wasu da hydroquinone. Su ne suke sa fata ta yi haske da wuri, su sirantar da ita, in aka bari kuma ta yi bore da ja da ƙuraje da ƙaiƙayi. Fatar da take cikin wannan halin ba a kwana mata da mai mai yaji. Ki nemi likitan fata, in robar tana nan ki tafi da ita.

Direban_Tirela:
Hajiya ki ji maganar Sista. Mu direbobi da 'yan dako muna da abin da muke kira maganin gajiya, ƙwayoyi ne kala-kala ake ƙulla maka a leda a tasha, ka watsa a baki ka kora da shayi. Ni ma a da ina cikin masu sha. Zuma kuwa ba ta yankewa a motata, galan nake saye in na biyo ta Taraba. Wata rana ina hanya na ji jiri, na faka, sai amai baƙi. Yaron motata ne ya nemo mai a-daidaita aka kai ni asibiti, sai da aka ƙara min jini. Likitan ya zazzage ledar a kan tebur yana warewa da biro, ya nuna min uku daga ciki ya ce duk aikinsu ɗaya, duk masu cin tumbi ne. Har gobe ina shan zumata, amma ledar nan na rabu da ita.

Abu_Huzaifa:
Allah ya ƙara lafiya direba. Amma abin da yake damuna shi ne, duk lokacin da aka kawo maganin da ya zo a sunna sai a yi ta kewaye-kewaye har a mayar da mutum ga ƙwayar Bature. Hadisin ya ce kowace cuta. Olsa ba cuta ba ce?

Malam_Tukur:
Malam Abu Huzaifa, Allah ya saka da alheri bisa kishin sunna. Hadisan da ka kawo ingantattu ne, ba mai ja da su. Sai dai mu duba yadda malamai suka fahimce su. Ibnu Hajar a Fathul Bari ya kawo maganar Khaɗɗabi cewa lafazin "kowace cuta" a nan gamamme ne da ake nufin keɓantacce da shi. Wasu malaman sun bar shi a kan gamewarsa, amma su ma sun ce wani lokaci ita kaɗai ake amfani da ita, wani lokaci a haɗa ta da wani abu, wani lokaci a sha, wani lokaci a shaƙa ko a shafa. Ke nan akwai ilimin yadda ake yi, ba a buɗe kwalba kawai a kafa kai ba.

Dubi ruwayar Bukhari ta Galib ɗan Abjar da ya yi rashin lafiya a hanya. Ibnu Abi Atiƙ da ya zo duba shi cewa ya yi a ɗauki ƙwaya biyar ko bakwai a daka, a ɗiga masa a hanci da ɗigon mai. Ƙwaya biyar ko bakwai. Yau kuma sai ka ga an ce mutum ya sha babban cokali na tatsattsen man sau uku a rana.

Hadisin zumar ma, Ibnul Ƙayyim a Zadul Ma'ad ya ce maimaita shayarwar yana koya mana cewa magani yana da gwargwado daidai da cutar: in ya gaza ba zai kawar da ita ba, in ya wuce kima ya raunana jiki ya jawo wata cutar. Kuma Annabin da ya faɗi waɗannan shi ne ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Wanda ya je aka gwada shi aka gano abin da yake damunsa bai bar sunna ba.

Famasis_Kabiru:
Malam Tukur ya gama magana ta ɓangarensa, bari in ƙara ta namu. Ba gaskiya ba ne cewa masu ilimin magani sun yi watsi da habbatus sauda. An yi bincike da yawa a kan sinadarin da yake cikinta, thymoquinone. Wanda ya shafi tambayar nan kai tsaye shi ne wanda aka yi a Saudiyya aka wallafa a 2010, a kan mutum 88 masu H. pylori. Waɗanda aka ba garin habbatus sauda giram 2 a rana tare da omeprazole, kusan kashi 67 cikin ɗari ƙwayar ta mutu. Waɗanda aka ba cikakken maganin asibiti, wato omeprazole da magungunan kashe ƙwayoyin cuta guda biyu, kusan kashi 83 ne. Ku lura da abu uku: garin habbatus saudar aka ba su ba man ba, tare da omeprazole aka ba su ba ita kaɗai ba, kuma mutanen ba su da yawa. Ta yi rawar gani, amma ba ta kai cikakken maganin ba, wanda kwana 10 zuwa 14 ne kawai ake shan sa.

Dalilin da ya sa muke nacewa a kashe ƙwayar cutar shi ne, in ta zauna shekaru tana iya kai wasu ga kansar tumbi. Da can likitoci ma cewa suke damuwa da yaji ne suke kawo olsa, sai da wasu likitoci biyu a Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano ƙwayar a farkon shekarun 1980. Da aka ƙi yarda da su, Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki a 1984, ya kamu da kumburin tumbi. A 2005 aka ba su kyautar Nobel.

Abu_Huzaifa:
Na ji bayanin Malam Tukur, zan koma Fathul Bari in duba wurin. Amma Famasis, kashi 67 ɗin nan da kai da bakinka ka faɗa ai hujja ce a gare mu, ba a kanmu ba. Da gwamnatocinmu za su zuba kuɗi a binciken, wa ya san inda za a kai?

Famasis_Kabiru:
Wannan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari.

Zee_Kaduna:
Anti Maman Ilham don Allah kar ki kwana da man nan a fuska. Ni na shafa shi zalla saboda tabon ƙuraje, da asuba na tashi fuskata ta kumbura, gefen idona ya yi ja, daga baya wajen ya yi ƙananan ƙuraje masu ruwa ya saɓule. Tabon da ya bar min ya fi wanda nake son gogewa. Yayata kuma tana shafa shi ba abin da yake yi mata. Likitan fata ya ce min wasu jikinsu ba ya karɓar sa, kuma duk sabon abu a fara gwada ɗan kaɗan a cikin dantse, a jira kwana biyu a gani. Zuma zalla ita kam ina shafawa in bar ta minti goma sha biyar in wanke, tana sa fuskar laushi, amma ba ta hana ƙurajen fitowa ba.

Hajiya_Turai:
Ayya Zee, sannu. Mu da muka taso, man kaɗanya ne man fatarmu, in za a sa habbatus sauda ɗigo kaɗan ake yi a cikinsa a murza a tafin hannu. Kuma a ƙafa da gwiwar hannu muke shafawa lokacin hunturu saboda faso da kaushi, ba a fuska ba. 'Yan matan yanzu komai a fuska yake ƙarewa.

Mai_Shago_Kurmi:
Ni sana'ata ke nan, kayan Islamic nake sayarwa, kuma zan faɗi gaskiya ko da za ta taɓa kasuwarmu. Rabin rigimar nan ta kayan jabu ce. Habbatus sauda shigo da ita ake yi, daga irin su Masar, Habasha da Indiya, kuma tatsar manta ba ta da auki, shi ya sa na gaske ba ya arha. In ka ga babbar kwalba da kuɗin da bai kai na man gyaɗa mai kyau ba, ka san an tsinka shi da wani man. Na gaske in ka buɗe ƙamshinsa mai ƙarfi ne, in ka ɗiga a harshe za ka ji ɗaci da yaji har maƙogwaro. A kwalba mai duhu ake ajiye shi, nesa da rana. Wanda aka jera a faranti ana yawo da shi a tasha rana tana dukan sa, ko da asalinsa mai kyau ne ya riga ya lalace. A duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Ni wanda ya ce min don ciki yake so, ƙwayar nake ce masa ya saya, ya tsince, ya daka kaɗan-kaɗan a gida ya gauraya da zumar. Ita ƙwayar kana ganin ta da idonka.

Sani_Maradi:
Nan wajenmu Maradi ma haka abin yake. Masu mota da lasifika suna shiga kasuwa, kwalba guda su lissafo mata cututtuka barkatai, daga basir har rashin haihuwa. Mahaifiyata ta saya don hawan jini ta ajiye maganin da lokotoro ya rubuta mata, sai da muka yi da gaske ta koma kansa. Tambayata ga masana, yaya ake gane zuma ta gaske? Mu dai ashana muke tsomawa mu ƙyasta, in ta kama mu ce mai kyau ce.

Dan_Mambila:
Malam Sani, ni mai amya ne, gadon gidanmu ne. Gwajin ashana ba ya nuna komai sai ƙarancin ruwa. Sukarin da aka dafa ya yi kauri shi ma ashana za ta kama. Haka gwajin ɗigawa a ruwa, haka maganar cewa tururuwa ba ta bin zuma ta gaske. Wallahi tana bi, mu da muke fama da ita a ɗakin ajiya mu muka sani.

Kuma ba sukari ne kaɗai matsalar ba. Akwai zumar da ta fito daga amya amma ba ta nuna ba. In ka ɗago saƙar za ka ga wasu ramukan ƙudan sun rufe bakinsu da farin kaki, wasu kuma a buɗe suna ƙyalli. Rufaffun su ne nunannu. Buɗaɗɗun ruwa ne ya yi musu yawa, in ka matse su tare ka zuba a jarka, bayan 'yan makonni sai ta fara kumfa, jarkar ta kumbura, in ka buɗe ta yi tsaki, ga warin tsami. Wannan in mai olsa ya sha ba zai ji daɗi ba. Wasu kuma don sauri sai su zuba saƙar duka a tukunya, da 'ya'yan ƙudan da komai, su ɗora a wuta. Ita ce za ka ga ta yi baƙi tana warin hayaƙi da ƙauri, mutane kuma su ce ita ce ta asali. Mu yankan saƙar muke yi mu zuba a kan rariya da ƙyalle mai tsabta, ta kwana tana tsiyaya da kanta. Launi kuma daga furen da ƙudan suka ci yake, wata ja, wata baƙi-baƙi, wata fara. Hanya mafi tabbas ita ce ka san mai amyar, ko ka sayi saƙar da kakinta ka tace da kanka.

Umma_Ngaundere:
Gaskiyarka Ɗan Mambila. Mu nan Kamaru muna da farar zumar Oku, daga dajin tsaunin Kilum-Ijim a yankin Arewa maso Yamma. Fara ce mai kauri, da cokali ake ɗibar ta, kuma tun 2013 hukumar OAPI mai kare haƙƙin mallakar fasaha a wasu ƙasashen Afirka ta yi mata rajistar sunan yankinta. Na taɓa kai wa dangi tsaraba a Yola suka ce an zuba mata sukari don sun ga ta daskare. Daskarewa ba alamar jabu ba ce, zuma mai kyau tana yi, musamman da sanyi. A sa kwalbar a ruwan ɗumi za ta saki.

Amarya_Fati:
Tunda ana maganar zuma, jaririna yana da wata biyu, yana yawan murɗar ciki da kuka da daddare. Surukata ta ce in riƙa lasa masa zuma da ɗigon habbatus sauda. Na fara jiya. Ya halatta in ci gaba?

Sista_Rabi:
Amarya Fati, don girman Allah ki daina yau ɗin nan. Ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba zuma, komai kyanta, ko ɗigo. Zuma tana iya ɗaukar ƙwayayen wata cuta da ake kira botulism. Hanjin babba yana fin ƙarfinsu, na jariri kuwa bai yi ƙwari ba, sai su tsiro a ciki su fitar da dafin da yake kashe ƙarfin jijiyoyi. Ba kowace zuma ba ce take da su, amma ba a gane mai su da ido, kuma ɗumama ta ba ya kashe su. Ki sa masa ido: in ya daina bayan gida kwanaki, ko tsotsonsa ya yi rauni, kukansa ya yi ƙasa, wuyansa ya saki, ki kai shi asibiti a take. Man ma kada ki ba shi. Wata shida na farko nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata. Murɗar cikin nan yawanci tana wucewa da kanta wajen wata uku zuwa huɗu. Ki riƙa ɗora shi a kafaɗa bayan ya sha har ya yi gyatsa.

Malam_Tukur:
In surukar taki tana ganin sunna ce, ki gaya mata cikin ladabi cewa tahnikin da Annabi (SAW) ya yi wa jarirai, wato tauna abu a shafa musu a ganɗa, da dabino ya yi, kamar yadda ya yi wa Abdullahi ɗan Zubair. In kina jin nauyinta, ki sa maigidan ya yi mata bayani.

Amarya_Fati:
Na gode Sista, na gode Malam. Na daina. Lafiyarsa ƙalau yana shan nono sosai, amma zan sa ido.

Baba_Alhaji_Gusau:
Ni kuma ciwon sukari gare ni da hawan jini. An ce min zuma ta gaske ba ta tayar da sukari, har ma saukar da shi take in an haɗa da habbatus sauda. Yarana sun hana ni, ni kuma ina ganin tsoro ne kawai irin na 'yan boko.

Famasis_Kabiru:
Baba, Allah ya ƙara girma, yaranka suna da gaskiya. Zuma kusan kashi 80 cikin ɗari sukari ce, sauran yawanci ruwa. Babban cokali ɗaya yana da wajen giram 17 na sukari. Ta gaske da ta jabu duk suna tayar da shi. In kana da na'urar gwaji a gida, ka gwada kafin ka sha da kuma awa biyu bayan ka sha, za ka gani da idonka. Habbatus sauda ita kuma akwai binciken da ya nuna tana ɗan sauke sukari da hawan jini, to wannan shi ne dalilin da zai sa ka faɗa wa likitanka kafin ka fara, don in ta haɗu da magungunanka suna iya saukewa fiye da kima. Masu shan maganin tsinka jini irin warfarin, da masu ciwon ƙoda, da masu juna biyu, su ma kada su sha man sai sun yi shawara.

Baba_Alhaji_Gusau:
To shi ke nan, zan gwada da na'urar in gani. Amma zumar a kan ciwo fa? Akwai gyambo a ɗan yatsan ƙafata, ina shafa masa.

Sista_Rabi:
Baba, wannan ya fi maganar shan zumar gaggawa. Gyambon ƙafar mai sukari ba a jinyar sa a gida, don jijiyoyin wajen ba sa jin zafi sosai, yana iya cin ciki har ƙashi kana ganin bakinsa ƙarami. Gobe da safe a kai ka a duba.

Zuma a kan rauni gaskiya ce, ba camfi ba. Kaurin sukarinta yana janye ruwa daga ƙwayoyin cuta, tana da ɗan tsami, kuma tana fitar da hydrogen peroxide, sinadarin da yake kashe ƙwayoyin cuta, kaɗan-kaɗan. Bincike ya nuna tana taimaka wa ƙunar da ba ta yi zurfi ba ta warke da wuri. Amma wadda aka tanada don rauni, irin ta manuka da ake kawowa daga New Zealand, an kashe ƙwayoyin cutar cikinta kafin a sa a bututu. Ba ɗaya take da ta jarkar kasuwa ba. Kuma ko ƙuna ce, abin farko shi ne a sakar mata ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ba ƙwai ba, ba man goge baki ba.

Hajiya_Turai:
Duk na ji, kuma na ƙaru, musamman maganar jarirai, don mu ma a da muna lasa musu. Amma ni dai ba zan bar haɗina na safe ba. Ba ni da sukari, ba na shan maganin komai, kuma cikina ya shaida.

Sista_Rabi:
Hajiya ba wanda ya ce ki bari, Allah ya ƙara miki lafiya. Naki kumburi ne da gyatsa, na Maman Ilham ciwo ne da yake tashin ta da tsakar dare ga diclofenac a kai. Ba hukuncinsu ɗaya ba.

Maman_Ilham:
Na gode ƙwarai 'yan'uwa, Allah ya bar zumunci. Na yi magana da Baban Ilham, ranar Litinin za mu je a yi gwajin bayan gidan a kuma duba bayan nawa. Diclofenac ɗin na ajiye shi tun daren jiya. Fuskar ba zan sa mata man ba, Zee kin tsorata ni. Amma Famasis, in gwajin ya nuna akwai ƙwayar aka ɗora ni a kan maganin, zan iya ci gaba da zuma da garin habbatus sauda da safe, ko sai na gama?

Famasis_Kabiru:
Zuma cokali ɗaya ba ta da matsala tunda ba ki da sukari. Garin kuma ki faɗa wa likitan da zai rubuta miki maganin, musamman in kina shayarwa ko kina tsammanin ciki. Babban abin shi ne ki shanye maganin har ƙarshe ko da kin ji sauƙi a kwana na uku, sannan ki koma a sake gwaji bayan aƙalla mako huɗu da gamawa.

Abu_Huzaifa:
Allah ya ba ki lafiya. Ni dai har yanzu ina ganin da ta fara da haɗin na wata guda ta gani kafin ƙwayoyin.

Direban_Tirela:
Malam, wata guda yana da yawa ga mai ciwon da yake tashin sa da dare. Ɗan Mambila, kana aiko da saƙar Kano? In kana yi, ka faɗa min lokacin da kuke ɗiba, ina biyowa ta Jalingo.